Littafi Da Majigi Ba Ɗaya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kaɗan in yi magana bisa labarin nan mai zane, The League of Extraordinary Gentlemen, wanda Alan Moore ya rubuta, Kevin O'Neill ya zana, aka fara bugawa cikin 1999. Sun tattara jarumawan tsofaffin littattafan Turawa, irin su Allan Quatermain da Kyaftin Nemo, suna yi wa Ingila aikin asiri.

Cikin littafin, mace ce shugaba, Mina Murray. Ita ta tafi Alƙahira ta tsamo Quatermain, tsoho wanda kayan maye suka lalata. Amma cikin majigin 2003 sai aka ƙwace shugabancin aka ba Quatermain, Sean Connery ya fito a madadinsa, garau, gwanin harbi. Har aka cusa Tom Sawyer, wai don Amurkawa su ji daɗi.

To, jama'a, hikimar littafin ita ce jarumi ma yakan faɗi, har ya nemi mai tashe shi. Majigi ya shafe wannan, ya bar mu da ƙarar bindiga. Malaman makaranta, ku gargaɗi yaranku: a nan gani bai kori karatu ba.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Zariya.