Naman Kazan Da Gara Ke Nomawa A Ƙasar Suleja

Matafiyin da ya taso daga Kaduna da damina, tun kafin ya hango Dutsen Zuma zai ga ƙasa ta sake kama. Ciyawa ta yi tsawo, kurmi ya bi bakin rafuka, ga jan suri nan tsaye cikin gonaki. A gindin irin wannan suri ne wani naman kaza mai ban mamaki ke tsirowa. Da magariba ba a ga kome ba, amma in aka kwana ana ruwa, da safe sai a tarar ya buɗe kamar laima. Matan Gwari kan yi sammako su tsinko shi don miya, gama ba ya jimawa tsutsa ke shigarsa.

Masana suna kiransa Termitomyces, sunan da wani Bafaranshe, Roger Heim, ya raɗa masa cikin 1942. Saurin nan nasa kuwa a ido ne kurum, domin gara ce ke nomansa a ƙarƙashin ƙasa shekara zungur. Takan tauna busasshen itace da ciyawa, ta gina wani abu kamar saƙar zuma da su. Zaren naman kazan ya mamaye saƙar, ya narkar da abin da cikin gara ba ya iya narkarwa, sa'an nan ita ta ci. Da ƙasa ta jiƙu sai ya miƙo doguwar saiwa, ya huda ƙasa da tsinin da ke bisa kansa, ya sha ruwa ya kumbura, ya zubar da iri mai laushi kamar ƙura. Wannan iri ne garar sabon gida ke kwasowa wajen kiwo ta kafa tata gonar.

To, amma fa dajin yana ƙarewa. Cikin 1976 aka zaɓi wannan yanki don gina babban birnin tarayya, har garin ya bar wa birnin sunansa na dā, watau Abuja, ya koma Suleja. Tun da gwamnati ta tare can a 1991, ma'aikatan da hayar birni ta fi ƙarfinsu suka cika Suleja da Madalla, gonaki suka zama filaye. Mai gini kuwa da ya ga suri sai ya fasa shi ya zuba magani, kuma ba a ga laifinsa ba, tun da gara ba ta barin katakon rufi. Sai dai har yau ba wanda ya iya noman wannan naman kaza don kasuwa ba tare da gara ba.