Wasiƙa ga 'Yata a Tsafe, Kan Bargon Ƙyallaye

Auta,

Saƙonki ya iso. Kin ce kin ga matan Amurka a waya suna haɗa ƙyallaye su ɗinka bargo, kina son koyo, amma sai an sayo miki sabon keke da yadi daga Kantin Kwari. Na sa a buga amsar a fili ne don na san sa'o'inki da yawa suna da irin wannan tunani.

Ba za a saya ba, kuma ba rowa ce ta hana ba. Allura da zare da almakashi da alli sun ishe ki farawa. Ƙyallaye kuwa, ki aika wajen telolin Tsafe bayan ɗinkin sallah, ko ki sa a bi miki shagunan Tsohuwar Kasuwa a Gusau. Abin da suke sharewa kullum ya isa a rufe yaro.

Aikin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kin sha ganin 'yan lifidi a hawan sallah, doki da mahayi duk a lulluɓe. Lifidi yadi ne sama da ƙasa, an cusa audugar rimi a tsakani, an bi da ɗinki don kada ta zame, kuma a da, kibiya aka yi shi ya tare. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo shi. Auduga ma tamu ce. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau, daga can aka riƙa lodinta, kuma kakarki a Bungudu da hannunta take gurzawa ta shiɓe. Abin da za ki yi ɗan'uwan lifidi ne, sai dai sanyin hunturu zai tare.

Ki fara da bargon jariri. Na san halinki, za ki so na gadon aure tun ranar farko, to ki haƙura. Ki tsaya kan atamfa ta auduga zalla. Leshi da yadin roba suna santsi, suna miƙewa, shadda kuma tauri gare ta, in kika gauraya su ɗinkin zai karkace. Ki wanke kowane ƙyalle kafin almakashi ya taɓa shi, domin auduga tana tsukewa in ta sha ruwa, ja da shuɗi kuma sukan zuba. Sannan ki goge su sumul.

Ki yanka kwali mai inci 5 kowane gefe, shi ne ma'auninki. Ki ɗora shi kan ƙyalle, ki zana da alli, ki yanka guda 80. Ki jera su a tabarma, 8 a faɗi, 10 a tsawo, ki tashi tsaye ki duba daga nesa, ki raba masu duhu kada su taru gefe guda. Wajen haɗawa ki bar rubu'in inci a bakin kowane ƙyalle, kada ya ƙaru kada ya ragu. In kin kiyaye wannan, bargon zai fito inci 36 da 45, kusurwoyi kuma za su haɗu da kansu. Layi-layi ake yi, a goge, sannan a haɗa layukan.

Inda akasarin masu koyo ke faɗuwa shi ne ciki. Kada ki sa rimi, ko da yake shi magabata suka sa: yana da wuyar wanki, yana gudu ya dunƙule, ga saurin kama wuta, kuma yaro za a rufa. Audugar da ba a cire wa gurya ba ita ma mai take fitarwa ta ɓata yadi. Tsohon bargo marar kauri ko tsofaffin zannuwa biyu sun fi miki sauƙi. Ki shimfiɗa shafin a ƙasa, ki ɗora cikin, ki ɗora fuskar, ki kama su da manyan ɗinki na wucin gadi. Sai ki fara ainihin ɗinkin daga tsakiya zuwa baki, ba daga baki ba, in ba haka ba tsakiyar za ta kumbura. Tsakanin layi da layi kada ya wuce yatsu uku. Nan ne aikin yake, nan ne kuma za ki gaji. Masu kallo launi suke yabawa, ni dai in aka miƙo mini bargo bayansa nake juyawa in ga ɗinkin.

Zancen sayarwa ki ajiye shi tukuna. Na farko na gida ne, a wanke shi a ga yadda zai yi, shi zai gaya miki ko hannunki ya kai kasuwa.

In kin gama kalmasa, ki ba mai zuwa Bungudu ya kawo mini in duba kafin sanyi ya sauko. Ki gaida uwar mijinki da kyau.

Wassalam,
Mahaifiyarki.