A-taka-a-samu

A ƙarshen watan Afrilu, sa'ad da bazara ke kai iyakarta, zafin rana a kudancin Nijar yakan haura digiri 40, bukatar kuran kuma takan fi abin da layuka ke iya ɗauka. Cikin irin wannan lokaci ne batirin salular wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a sashen kimiyyar harshe ya kumbura, har ya ɗaga murfin baya. Daga ranar salular ta daina riƙe wuta. Idan tana jone da kuran za ta kama, da zarar an zare ta kuwa sai ta mutu nan take.

Abin da ke cikin salular ya fi salular tsada. A hutun da ya gabata ɗalibar ta yi mako uku a wani ƙauye na ƙasar Tasawa tana naɗar hirar tsofaffin mata a kan kalmomin kaɗi da saƙa, domin a kansu take rubuta kundin kammala karatunta. Awa 14 na magana ta kwaso: yadda ake gurzar auduga, yadda ake shiɓa, bambancin zare da abawa, sunayen sassan mazari, da abin da matan suka riƙe na aikin mazajensu masaƙa, irin su ƙoshiya da kunkuru. Wadda ta fi kowa ba ta kalmomi wata tsohuwa ce da kowa ke kira Iya, kuma Iya ta rasu wata biyu bayan hirar. Ɗalibar ta sha yi wa kanta alkawarin kwafe muryoyin zuwa wani wuri, tana ɗagawa daga yau zuwa gobe, har batirin ya riga ta.

Mai nazarin harshe ya san abin da ya sa takarda ba ta maye gurbin irin wannan naɗi. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi haruffansu ɗaya, haka kukar miya da kukan jinjiri. Kalmar da kowa ke faɗi ana iya tambayar wani yadda ake furta ta. Amma kalmar da ta rage a bakin tsohuwa ɗaya, idan muryar ta ɓata, karinta ya tafi tare da ita, sai dai a yi ta hasashe a kan haruffa huɗu ko biyar.

Mai gyaran salula a kasuwa ya ce mata kada ta bari a buɗe ta tun ba ta kwashe kayanta ba. Ta sayi katin ajiya ta saka, aikin da ya rage shi ne a bar salular kunne kusan minti 40 ba yankewa, har muryoyin su gama ƙaura zuwa katin. Sau biyu ta soma a ɗakin kwana, sau biyu kuran ya tafi ana tsakiyar kwafa. Daga nan ya yi kwana biyu bai dawo ba, ƴan batiran ajiya na ƙawayenta duk suka ƙare. Akwai rumfar masu sharje a bakin ƙofar jami'a, inda ake biyan dala 20 a bar salula cikin tarin ƴan'uwanta da ƴar lamba a manne, amma ba ta iya sakin wannan salular a hannun kowa ba, ko na minti ɗaya.

Ɗaliban wannan zamani sun san tarihin kuran ɗin ƙasarsu ba tare da sun karanta shi ba. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin da Nijar ke sha daga Nijeriya yake zuwa: layi ɗaya ta Birnin Kebbi zuwa Doso da Yamai, wani ta Katsina zuwa Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. A watan Agusta na 2023 aka katse shi cikin takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasar, bai dawo ba sai bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. An gina tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da wata mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023, duk da haka bazara takan zo da nata lissafi. Cikin wancan duhun na 2023 ne wasu ɗalibai biyu masu karatun lantarki suka haɗa kai da wani tsoho mai gyaran keke a bakin ƙofa, suka ƙera abin da aka ajiye ƙarƙashin dogon yaro a bayan ɗakin karatu.

Ƙirar ba ta da wani asiri. Tsohon keke ne aka cire masa tayar gaba, aka kafe shi a kan ƙarfe, tayar baya tana juyawa a sama. An zare robar tayar, an ratsa bel a kan gargaren, ya zagayo kan wani ƙaramin inji da aka ciro daga fankar radiyetar mota. Irin wannan inji idan an ba shi wuta yakan juya, idan kuma an juya shi yakan ba da wuta. Abin da yake fitarwa ya kai bolt 12, wani lokaci ya haura, wani lokaci ya kasa, gwargwadon ƙafar mai takawa, saboda haka aka ɗaura masa ƴar na'urar nan da direbobi ke sharje da ita a mota, wadda ke mayar da shi bolt 5 daidai cikin salula. Babu batirin ajiya, domin yana da tsada kuma zafi yana kashe shi da wuri. Ƙafa ta tsaya, wuta ta tsaya. Rangwamen da ke akwai ɗaya ne: tsohon ya ɗaure wa gargaren ƴan ƙarafa don ya yi nauyi, sai ya ci gaba da juyawa na ƴan daƙiƙu bayan an saki feda.

Ɗalibar ta daɗe tana wuce keken ba ta tsaya ba. Rabonta da hawa keke tun tana firamare, kuma a garinsu ba a saba ganin babbar mace bisa sirdi ba. Ranar da ta zo da salularta a hannu, ta tsaya daga nesa tana kallon samari suna takawa suna raha, tsohon ya lura da ita.

"Ɗiyata, mi ya tsaishe ki can?"

"Baba, da zane ba ni iya hawa wannan sirdin."

Ya dube ta, ya dubi keken. "Uwarki ba ta taka keken ɗinki?"

"Tana takawa."

"To bisa sirdi take zama?"

Washegari ya kwance sirdin, ya kafa wata tsohuwar kujerar aji a bayan ƙarfen, ya daidaita tazararta yadda mai zama zai miƙe ƙafa gaba ya taka. Abin da injiniyoyin biyu ba su hango ba cikin wata da watanni, shi ya gyara shi da safiya ɗaya. Tun daga ranar ƴan mata suka shiga layi.

Bayan sallar isha'i ta zo da ƙawayenta uku, suka yanke cewa kowacce za ta yi minti 10. Ita ta fara. Gilashin salular ya haska, ta danna kwafa, ɗan layin da ke nuna tafiyar aikin ya soma rarrafe. Tsoro ya sa ta taka da iyakar ƙarfinta, kafin minti 5 numfashi ya gagare ta. Ɗaya daga cikin maƙeran ya ce mata ta sassauta, zafin nema ba ya kawo samu: salula irin tata wat 10 kawai take karɓa, alhali mai takawa a natse yana fitar da wat 50 zuwa 70, duk abin da ya ƙaru a kan bukata gumi ne na banza. Wurin da ya fi hatsari shi ne sauyin hannu. Mai sauka takan ƙara gudu, ta zame ta hagu, mai hawa ta faɗa kujera ta dama, ƙafarta ta laluɓi feda tun gargaren bai lafa ba. A sauyi na uku gefen hijabin ɗaya ya maƙale a hannun kujera, hasken gilashin ya dushe, ɗalibar ta tsuguna ta kama feda da hannu tana juyawa har aka ɓalle mayafin. Da layin ya cika, ta zare katin, ta naɗe shi cikin takarda, ta ƙulle a bakin zanenta kamar yadda Iya ke ƙulle kuɗin goro.

Maƙeran keken ba sa yi masa kirarin da bai kai ba. A wasu tashoshin jirgin ƙasa na Faransa akwai teburan da matafiyi ke zama yana taka feda yana sharje salula, kuma akan tallata su da sunan kare muhalli. Lissafin ɗaliban nan ya fi haka sanyi. Batirin salula yana ɗaukar wajen wat 15 na tsawon awa guda, don haka mutum ɗaya yana iya ciyar da salula huɗu ko biyar lokaci ɗaya. Fankar ɗaki tana cin duk abin da ƙafafunsa za su iya bayarwa. Na'urar sanyaya ofis guda, mai cin fiye da wat 1000, sai an tara mata mutum 15 zuwa 20 suna takawa ba hutu. Faifan hasken rana mai wat 100 kuwa, a ranar ƙasar nan, yana tara a yini abin da mutum zai yi kusan awa 8 yana takawa kafin ya samu. Ɗaya daga cikin maƙeran yakan ambaci Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin da ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ƙasa, ONERSOL, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ce amsar Nijar tana sama tun tuni, keken nan na dare ne da ranar ƙaƙa-ni-ka-yi. Tsohon shi kuma yakan ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da keken ya koya wa ɗalibar shi ne nauyin kuran. Da can lamba ce a kusurwar gilashi, yanzu ta san shi a cinyarta da gwiwarta. Ta kama kanta tana kashe fanka a ajin da babu kowa, abin da takardun gargaɗin da ke manne a bango ba su taɓa sa ta yi ba. Ta kuma ci gaba da zuwa ko bayan ta sauya batir. Rubuta hira aiki ne na zama: awa guda ta magana takan ci yini ana maimaita ta, kuma bayanta ya daɗe yana ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, ita kuwa sai ta raba su rabin awa sau biyar, da abin sauraro a kunne. A can ne, tana takawa Iya tana bayanin yadda masaƙi ke taka sandunan da ke ƙarƙashin masaƙa, ƙafa ɗaya ta sauka ɗaya ta tashi, ta ji cewa wani wasali da ta rubuta gajere a wurare 6 dogo ne.

Ya rage a raɗa masa suna, kuma a nan ƴan sashen harshe suka sami abin yi a fadar shayi. Masu son Faransanci suka ce "belo-sharjer". Wasu suka ce "keken kuran", waɗanda suka yi karatu a Katsina da Kano suka ce "keken wuta" ko "keken caji". Wani ya nuna cewa keke a Hausa ya daɗe da wuce abin hawa, tunda akwai keken ɗinki da keken rubutu, don haka duk waɗannan sunaye halal ne. Amma babu wanda ya kama baki. Wanda ya bazu shi ne wanda wani ɗan shekarar farko ya rubuta da alli a jikin ƙarfen: "taka-ka-samu", ƙirar da Hausa ta saba da ita wajen dunƙule jimla ta zama suna, kamar ci-ma-zaune da faɗi-tashi. Ƴan mata suka ce wannan "ka" ɗin bai haɗa da su ba, ɗaya ta goge ta rubuta "ki". Mako guda ana gogewa ana mayarwa.

Ɗalibar ce ta kawo maganar fitilar a-ci-balbal da keken nan mai ƙafa uku da ake kira adaidaita-sahu, inda wakilin suna "a" ya ɗauke wa kowa nauyin jinsi. Ba ta rubuta komi ba, ta faɗa ne kawai tana jiran layi. Da safe aka tarar da "a-taka-a-samu" a jikin ƙarfen, da fenti, cikin rubutun da ya karkace irin na wanda ya fi sabawa da ajami.

Ta tambayi tsohon ko shi ne. Bai ɗago daga bel ɗin da yake ɗaurewa ba.

"Ɗiyata, alli tsada gare shi. Hau, akwai mutum uku bayanki."