Ƙafa a Ɗaure, Hannu a Sake

Kwana goma sha ɗaya na yi a gidan, kuma masu dubiyar da na ƙirga ba su wuce huɗu ba, har da mai kawo wasiƙu, wanda ya leƙo ta taga ya ce "ya ƙafar?" ya ja motarsa ya yi gaba. Maigidan yana zaune kusa da murhu, ƙafar dama a cikin farin simintin nan na asibiti, an ɗora ta a kan kujera. Santsi ne ya kwashe shi a bakin garke yana ɗauke da damin ciyawa, idon sawu ya karye, saura mako guda tumaki su fara haihuwa. 'Yarsa ajinmu ɗaya a Abadin. Da ta ji ni wata rana ina labarin kiwon da na yi ina yaro, sai ta ce ko zan je in kama musu. Haka aka yi ɗan ƙauyen Dutse ya kwana a jirgin ruwa, daga yamma har safiya, ya sauka a Lerwick da ke Shetland a ƙarshen watan Afrilu.

Shetland tsibirai ne kusan ɗari a can ƙuryar arewacin Sikotlan, goma sha shida kaɗai ke da mazauna. Mutanen duka-duka wajen dubu 23 ne, tumaki sun ninka su. Ba ka ganin itace sai wanda aka lallaɓa a bayan katanga, saboda iska. Gonarsu ta gado 'yar ƙasa ce a jikin gida, ta ciyawa da dankali, sai makiyayar tudu wadda ta kowa ce. Tun dokar 1886 mai ƙasa ba ya iya korar ƙaramin manomi muddin yana biyan haya, kuma manomin yana iya bar wa ɗansa. Amma ba gidan da wannan gona ke riƙewa ita kaɗai. Maigidan yana aiki a jirgin fito, uwargidan tana aikin kwana uku a gidan kula da tsofaffi. Wannan ban buƙaci a yi mini bayaninsa ba. A wajenmu ma wanda ya ce gero da gyaɗa kaɗai za su kai shi baɗi, ba ya haɗawa da ɗan kiwo ko cin rani ko kasuwar Shuwarin, to bai yi lissafi ba.

A dare na biyu na ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Uwargidan ta ɗauko wata ɗamara ta fata mai ɗan matashi a gefe, cike da gashin doki, jikinsa duk ƙananan huda. Ta ɗaura wa mijinta a ƙugu, ta soke dogon tsinken saƙa na ƙarfe a ɗaya daga hudojin, ta miƙa masa ulu. Amfanin ɗamarar shi ne ta riƙe tsinken dama, hannu ya samu 'yancin wurga zare kawai. Ya yi gunaguni, ya ce rabonsa da saƙa tun yana firamare. Ta ce masa ko ya yi saƙa ko ya ci gaba da leƙen taga yana ƙirga tumakin da ba zai iya zuwa wurinsu ba, ita ta gaji da jin tsaki. Ya karɓa. Hula ya fara, launi biyu, fari da ruwan ƙasa, duka daga gashin tumakinsu ba rini. A jikin firij an manna takardar likitar gashin ƙashi, mai zanen yadda zai riƙa motsa yatsun ƙafa da ɗaga cinya, sau kaza a rana. Uwargidan tana lissafa saƙar a cikin magani, daidai da takardar.

Ni kuwa Baba nake gani.

Ina aji biyu a sakandare sa'ad da san huɗa ya take shi. Ana cikin noman farko, gero ya kai gwiwa, ciyawa tana neman cinye shi. Aka ɗauko shi a amalanke. Ba wanda ya ambaci asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, domin kowa ya san kuɗin mota da na gado da na mai jinya sun fi ƙarfin rumbunmu a tsakiyar damina. Aka aika aka kira mai ɗori. Tsoho ne, gadon gidansu ne. Ya shafa ƙaurin da yatsa biyu yana tofi, ya ce ƙarti uku su danne, ya ja. Ƙarar da Baba ya yi har yau ban manta ba, kuma daga ranar ban sake jin muryarsa ta tashi haka ba. Aka jera kara a kewaye, aka naɗe da tsumma, aka ce kada ya taka sai an ba shi izini. Bayan 'yan kwanaki yakan dawo ya kwance, ya gasa da ruwan zafi, ya shafa man shanu, ya mayar. Ƙafar ta haɗe, da ɗan ɗingishi. Mun yi sa'a. Likitocin ƙashi sun daɗe suna kuka da ɗaurin da ya yi tsanani, jini ya kasa wucewa, a kawo musu yaro hannu ya yi baƙi sai yankewa. A unguwarmu akwai wanda hakan ta faru da shi, don haka ba na cikin masu yi wa ɗori kirari ido rufe. Ba na kuma cikin masu zagin wanda ya kira mai ɗori, domin na san abin da ke cikin aljihunsa ranar.

Zauren gidanmu bai taɓa zama ba kowa ba a waɗannan makonni. Daga asuba ake sallama. "Sannu Malam, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne." Wani ya cusa 'yan kuɗi a ƙarƙashin tabarma, wata ta aiko da ƙwai, wani ya kawo dabino daga lambunsa. Ba zan ɓoye ba, dubiya tana da nauyi: kowane baƙo sai an kawo masa ruwa, na nesa sai an dama fura, Inna ba ta zauna ba. Amma waɗanda suka zauna a zauren nan su ne suka fito gayya ranar Asabar da fartanyoyinsu, kafin azahar an gama gonar bayan gida. Baba yana jin kiɗan daga inda yake kwance, ya juya fuskarsa ga bango.

Shi ma hannunsa bai zauna ba. Da zaman banza gara aikin kishiya. Aka kawo masa rama ya riƙa tufka igiya, yana maƙale bakinta a babban yatsan ƙafar da ke da lafiya. Da rama ta ƙare ya koma kaba. Duk igiyar da muka ɗaure dami da ita a kakar nan shi ya tufka ta a zaune. Bahaushe bai taɓa ɗaukar allura abin kunya ga namiji ba: aikin babbar riga, su aska biyu da aska takwas, na maza ne, ɗinkin hula ma gardawa da malamai aka sani da shi kafin ya shige cikin gidaje. Kwarashi ne dai aka bar wa mata, su saƙa hular sanyi da safar jarirai idan hunturu ya kawo kai. Ko shi ma ulun da ake saye a kasuwa na roba ne daga waje, domin tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su kamar na akuya, ba ya kaɗuwa. Mu auduga Allah ya ba mu.

Wanda ya riƙe gidan a zahiri, Inna ce da yayyena mata biyu. Hula suke ɗinkawa. Wani dillali yakan kawo ƙyalle da an riga an yi masa zane, da zare kala-kala, ya bar musu. Su zauna a inuwar ɗaki bayan an sauke tukunya, ido ɗaya bayan ɗaya, soka ka ja, soka ka ja, har rana ta faɗi, wani lokaci a ci gaba da fitila. Hula mai ƙananan ido takan ci makonni. In an gama ya karɓa ya biya lada, ya kai a haɗa, a wanke, a sa sitati, a buge ta a kan katako, ta nufi Kano. Da ladan nan aka sallami mai ɗori, da shi aka biya 'yan ƙwadagon maimai, domin gayya ba a kiranta sau biyu a damina ɗaya. Har yau in na ga babban mutum a talabijin da Zanna Bukar a kansa, nakan ce wa kaina watakila ta bi ta ɗakin wata Inna. Hular tana da suna, kasuwar da aka saya tana da suna. Wadda ta ɗinka ba ta da shi.

Ranar da muka shiga Lerwick sayen madarar 'yan raguna, uwargidan ta ja ni gidan tarihi na garin. A nan na ga cewa abin da nake ɗauka namu ne mu kaɗai, su ma sun sha shi. Akwai tsoffin hotunan mata ɗauke da kwandon ƙasar da suke ƙonawa a madadin itace, a goye a baya, suna tafe suna saƙa, ɗamarar nan a ƙugu. Mazansu suna teku, wasu ba sa dawowa. Saƙar ita ce abinci. Kuma ba kuɗi ake biyansu ba: mace ta kai mayafi ko safa kanti, mai kanti ya ƙiyasta, ya ba ta ganyen shayi ko yadi a madadin kuɗi, ko tana so ko ba ta so. Sai ta fita ta nemi wanda zai karɓi shayin ya ba ta gari. A 1872 gwamnati ta aiko da mai bincike ya saurari matan nan ɗaya bayan ɗaya, aka rubuta, amma al'adar ba ta mutu ba. Ko da Yariman Wales ya sa rigar saƙar tsibirinsu na Fair Isle a farkon shekarun 1920 duniya ta ruɗe da ita, ribar ta fi tsayawa a kanti. Sai a yaƙin duniya na biyu, da aka jibge sojoji a tsibiran suna saye hannu da hannu da tsabar kuɗi, masaƙa kuma suka kafa ƙungiyarsu, sannan igiyar ta saki. Ba tausayin mai kanti ne ya sake ta ba. Wani mai saye ne ya bayyana.

Daga baya mai ya zo. Tashar Sullom Voe ta fara karɓar ɗanyen mai a 1978, mata suka samu aikin albashi, da yawa suka ajiye tsinke. A 2010 hukumar tsibiran ta soke darasin saƙa a makarantu don rage kashe kuɗi, a shekarar kuma aka fara Makon Ulu, wanda yanzu ke jawo baƙi daga Amurka da Japan suna biyan kuɗi a koya musu abin da kakanni suka yi don yunwa. Uwargidan ta yi dariya da na ce ashe sun tsira. Ta ce in ta raba kuɗin rigar da ta saƙa da sa'o'in da ta ci, mai share kanti ya fi ta samu. Bambancin kawai, ita ke faɗin farashi, sunanta ne a jikin takardar wuyan rigar, kuma in ta ga dama ta ƙi sayarwa.

Wannan "in ta ga dama" shi ne tazarar da ke tsakanin ɗakinta da ɗakin Inna. Mijinta an ɗauki hoton ƙashinsa, an ɗaure, an ba shi sanduna, ba a karɓi ko sisi ba, domin tun 1948 haka tsarin lafiyarsu yake. Wurin aikinsa yana biyansa yana zaune. Shi ya sa saƙa ta samu sararin zama magani. Turawa sun daɗe da wannan tunani: a yaƙin duniya na farko asibitocin Ingila sun riƙa ba sojojin da suka ji rauni allura da zare, har akwai ƙyallen ado a majami'ar St Paul ta Landan da irinsu suka ɗinka. Ban musanta cewa aikin hannu yana kwantar da zuciya ba, na ga yadda tsakin maigidan ya ragu. Sai dai da wani ya ce wa Inna ɗinkin nan yana rage damuwa, da ta tambaye shi ko yana rage ciwon baya da yajin ido.

Wajen ƙirgen masu dubiya kuwa, na yi kuskure, kuma sai a kwana na shida na gane. Na fito da duku-duku don duba wata tunkiya da ke naƙuda, sai na tarar da sawun tayar babur mai ƙafa huɗu a cikin taɓo, sabo, da ciyawa a zube a komin tumakin tudu. Ba ni na zuba ba. Maƙwabcinsu ne, kullum kafin gari ya waye yake zuwa ya yi ya tafi, bai taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba. Na ce wa maigidan ai ya kamata ya shigo ko ruwan shayi ya sha. Ya ce in ya shigo dole a yi masa godiya, shi kuma ba zai so ba. Na yi ta juya maganar. Mu a wajenmu a yi maka aiki ba a zo an ce maka sannu ba, sai ka ce wani abu ka yi wa mutumin.

Ana gobe zan tafi ya gama hular, ya ba ni. Ta ɗan karkace, bakin ya yi sako-sako. Da na koma Abadin na kira ƙanwata ta bidiyo, ta kai wa Inna wayar. Bayan gaisuwa da tambayar ko ina samun abin da zan ci, na nuna mata. Ta ce in matso da ita. Ta ƙura ido, idon da yanzu sai da tabarau.

"Namiji ne ya yi wannan?"

"Shi ne, Inna. Karaya ya samu."

"Ayya. Allah ya ba shi lafiya. Nawa dillali zai ba shi?"

Na ce ba ta sayarwa ba ce, don ya samu abin yi ne kawai. Ta yi shiru kaɗan, na ji Baba daga gefe yana tambayar ko an yi ruwa a wajenmu.

"To ka ce wa matar tasa ta duba layi na uku daga sama," in ji Inna. "Ya tsallake ido biyu."