Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to in mai ita ya rasu fa?

Yau ba labarin farashin albasa ko na taki munka zo da shi ba. Wata magana ce ta suɓuce mana a rediyo, ta hana mu barci kwana biyu, shi ne munka ga ya dace mu zo mu warware ta a nan, inda babu agogon studiyo da ke korar mu.

Masu sauraren shirinmu na daren Lahadi sun san al'adarmu. Awa guda ce ta tsofaffin waƙoƙi: Ɗanƙwairo, Shata, Narambaɗa, Ɗan Gurmu, sai kuma abin da jama'a sunka aiko. Makonni uku da sunka wuce wani ɗan kabu-kabu ya turo mana murya ta WhatsApp. Ƙungiyar wani makaɗin kalangu ce ta wani ƙauye tsakanin Malbaza da Galmi, mutumin da duk wanda ya tashi a yankin nan ya taɓa jin waƙoƙinsa na manoma da ƴan kokowa. Shekara bakwai ke nan da rasuwarsa. Ba za mu kama suna ba, don ba mu nemi izinin iyalinsa ba. Yaransa da sunka rage sun sake haɗuwa, sun sa ɗan ƙanensa a gaba, saurayi da bai kai talatin ba, suna shirin yawon kiɗa bayan kaka: Tsarnawa, Ƙonni, Badagishiri, Illela, su ƙetare zuwa Illelar Najeriya da Sakkwato, in Allah ya yarda har wurin Adarawan da ke ci-rani a Legas da Abijan.

Mun sa waƙar. Ba ta kai rabi ba waya ta fara ƙara. Wata dattijuwa daga Illela ta ce: "Ɗana, kashe wanga abu. Mun san muryar mai ita, kada ku tada muna mikin da ya warke." Wani direba daga tashar Ƙonni ya ce yaron ya yi ƙoƙari, a bar shi ya ci abinci. Wani malamin lakwal ya ce cin amanar mamaci ne. Mu kuma, maimakon mu tsaya tsakiya kamar yadda aikin ya koya mana, sai daɗin baki ya ɗebe mu. Munka ce: "Jama'a, wannan ai fotokofi ce, takardar asali ta riga ta tafi." Mai kula da na'ura ya yi dariya, mu ma munka yi, munka wuce ga talla.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, maigadi ya shigo ya ce wani tsoho na sallama da mu. Munka fito munka tarar da dattijo zaune bisa benci, da jaka ta buhu a gefensa, ƙurar hanya har gira. Bayan gaisuwa ya dube mu ya ce: "Kai na kac ce fotokohi?" Munka ce: "Mu ne, Baba." Ya ce: "To zamna, ni ad da kurkutu cikin waƙar da kas sa."

Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya buɗe jakar ya fito da kangon kalangu, ba fata, tsarkiya duk ta tsintsinke. Ya ce na marigayin ne, haka ya kwana bakwai na shekaru a rataye cikin ɗaki har gara ta fara taɓa shi. Su tara ne a ƙungiyar. Huɗu sun bi maigida. Shi da sauran suna ƙwadagon dashen albasa a fadama, ɗaya ya makance yana zaune gida. Ya ce: "Waƙoƙin da kuka sawa ga rediyo ba su hi goma ba, su anka ɗauka ga kaset. Sauran suna nan," ya nuna ƙirjinsa. "Mu munka san amshi, mu munka san inda kiɗi ka juyawa. Amma ɗan amshi ba shi tada waƙa. In babu mai jan baƙi gaba, mi za mu amsa? Ran da munka mutu, sun tahi da mu. Kai da ka yi lakwal, hwaɗa mini, fotokohi ta hi, ko takarda ta ƙone gaba ɗai?"

Ba mu da amsa. Munka sayo masa ruwan sanyi, munka raka shi bakin gudron ya hau mota.

Da dare abin da ya fi damunmu shi ne wani abu da munka tuna game da kanmu. Mu ƴan lise ne na shekarun 2000. Mun girma da rap na Kaidan Gaskia da Lakal Kaney da Wass Wong, kuma ta hanyar faifan da sunka yi da Jay-Z a 2004 munka san ƙungiyar nan ta Amurka, Linkin Park. Mawaƙinsu Chester Bennington ya mutu a watan Yuli na 2017, ƙungiyar ta yi shiru shekara bakwai. A Satumba na 2024 sunka dawo da sabuwar mawaƙiya, Emily Armstrong, sunka fitar da faifan From Zero, sunka kama zagayen duniya, har sunka yi wasa kafin wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Munik a 2025. Magoya bayansu sun rabu biyu, har cikin dangin mamacin akwai waɗanda sunka fito sunka nuna rashin jin daɗi. A zauren WhatsApp na tsofaffin ƴan ajinmu an yi wannan gardama kwana da kwanaki, kuma mu ne kan gaba wajen kare su. Da Faransanci mai kyau munka rubuta cewa sauran mutum biyar ɗin su ma sun zuba rayuwarsu a ciki, ba a binne ƙungiya tare da mutum guda. Shekara bakwai can, shekara bakwai nan. Na Kalifoniya munka ba su uzuri, na bayan Malbaza munka kira su fotokofi. Wannan ita ce cutar da lakwal ta bar wa da yawa daga cikinmu: abin nesa muna auna shi da hankali, na gida kuma da raini.

Alhali in an bi tarihi, gidan kiɗan Hausa ya riga kowa shirya wa wannan rana. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda muke rantsuwa da muryarsa a yau, shi kansa sabon mawaƙi ne a wani zamani. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, yayansa Abdu Kurna ya riƙe ƙungiyar, Musa yana bayansa yana amshi da sarautar Daudun kiɗi kafin ya zama shugaba. Wato a cikin ƙungiyar akwai muƙamin magaji tun maigida na da rai, kamar yadda fada take da yarima. Da ya rasu a 1991, ƴaƴansa sunka ci gaba da kotso. Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri ya gaji mahaifinsa Aliyu Ɗandawo, kuma ya yi suna har wasu matasa ba su san uban ya yi waƙa ba. Shata ya rasu a 1999, ɗansa Sanusi ya ɗauki kalangu. Ku kwatanta da Ɗan Maraya Jos, wanda shi kaɗai yake zama da kuntiginsa, ba ƴan amshi. Da ya rasu a 2015, abin da anka ɗauka a faifai shi ne ya rage.

Ko a kiɗan zamani na Afirka ta Yamma haka abin yake. Iyayenmu da sunka yi rawa da Bembeya Jazz ta Gine suna tuna yadda Aboubacar Demba Camara ya mutu a haɗarin mota a Dakar a 1973. An ce ƙungiyar ta ƙare, amma daga baya a cikinta Sékouba Bambino ya fito, kuma sun sake haɗuwa sunka fitar da faifai a 2002. Salif Keita ya bar Rail Band ta Bamako, Mory Kanté ya karɓi makirufo. Orchestra Baobab ta Senegal ta watse, ta dawo a 2001, kuma da Ndiouga Dieng ya rasu a 2016 ɗansa ya tsaya a wurinsa. A nan gida, Tal National ta Yamai ta zagaya Amurka da Turai da mawaƙa masu karɓeɓeniya, babu murya guda da in ta faɗi komai ya faɗi.

Duk da haka ba za mu ce dattijuwar Illela ta yi kuskure ba. Ita ba tarihi take saurare ba. Muryar da anka yi mata kiɗan aure da ita take nema, kuma babu ɗan ƙane da zai maido mata ita. Hausawa ba su yi ƙarya ba da sunka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kuma mun ga magada da sunka mayar da sunan uba jari, suna kwaikwayon tarinsa da dariyarsa, shekara ashirin ba su ƙaga ɗa guda na waƙa ba, suna karɓar kuɗin biki matan marigayi ba su ga ko dala ba. Irin wannan shi ya cancanci kalmar da munka faɗa. Laifinmu shi ne mun yanke hukunci daga rabin waƙa, ba mu je mun gani ba.

Saboda haka Asabar da ta wuce munka hau moto munka je. A ƙarƙashin wata bedi bayan gari suke gwaji, bayan la'asar, in an taso daga fadama. An yi wa kangon nan sabuwar fata. Yaron siriri ne, mai kunya, muryarsa ta fi ta kawunsa kauri, kuma bai yi ƙoƙarin matse ta ba. Cikin waƙa ta uku, ta wani manomi da ya daɗe da rasuwa, sai baitin ya ɓace masa. Ya tsaya baki buɗe. Tsofaffin nan ba su ko dubi juna ba, sunka maimaita amshi, sunka sake maimaitawa, makahon yana jefa masa farkon kalmar a hankali daga gefe, har ya kamo ta ya ci gaba. Wanda bai san waƙar ba ba zai gane an yi tuntuɓe ba. A nan munka fahimci abin da Baba yake nufi. Mu a rediyo muna sanar da sunan mutum guda, amma waƙar a kan mutum tara take tsaye tun farko.

Da anka tashi munka tambayi yaron ko yana da tasa. Ya sunkuyar da kai ya ce yana da guda biyu, ɗaya ta masu tura baro a kasuwar albasa, amma yana tsoron a ce ya raina gado. Baba ya ce masa: "Kawunka ma da ta ubanai ya hwara, da tashi ya ƙare. Yi ta mu ji." Ya yi ta. Ba ta kai na marigayin ba tukuna, gaskiya ke nan. Amma tasa ce, kuma yaran da sunka taru sun kama amshinta tun kafin ya gama.

Ga abin da munka faɗa musu, kuma muna maimaita shi gaban jama'a. Duk inda za su sauka, sanƙira ya faɗi gaskiya: yaran marigayi ne da ɗan ƙanensa, kada a bar kowa ya zaci wani abu daban. A ware wa matan marigayi da marayunsa rabo daga abin da anka samu, a gaban shaidu, tun kafin kuɗi ya shigo ya raba zumunci. Su je su yi rajistar waƙoƙin a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA, da sunan mai su. Kuma a kowane wasa yaron ya sa tasa ko guda ɗaya ce. Mu kuma namu alkawarin shi ne za mu koma da na'ura mu ɗauki duk waƙar da tsofaffin nan ke tunawa, da wadda ta cika da wadda ta gutsure, mu ba iyalin kofi, tun ba mu wayi gari an ce mai kurkutu ma ya tafi ba.

Muna da gasar Ɗan Gurmu da ake yi a Tawa don tunawa da makaɗi guda, kuma abu ne mai kyau. Amma tsakanin Dogarawa da Tajaye Allah kaɗai ya san kalangu da goge da gurmi nawa ke rataye cikin ɗakuna, masu amshinsu suna tsufa a gona. Duk wanda ke da tsohon kaset na wani makaɗin garinsu, ko ya san tsohon ɗan amshi da ke raye, ya neme mu a gidan rediyo ranar kasuwa. Za mu juya kaset ɗin mu maido masa abinsa.

Ranar Lahadi mai zuwa za mu buɗe shiri da ba Baba haƙuri, a daidai wurin da munka yi masa dariya. Sannan mu sa muryar marigayin daga tsohon kaset, mu bi ta da ta yaron, mu buɗe layi. Inna ta Illela, in kina ji, ki kira mu ko da ra'ayinki bai canza ba. Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu, ya ba na baya ikon riƙe amana.