Kufai na ƙasar Sae Sabuwa

Sae Sabuwa tana cikin ƙasar Gobir, gundumar Gidan Rumji, jihar Maradi. Mai tafiya cikin gonakinta da rani yakan iske tsofaffin kukoki a wuri guda, da sakaina, da kashin ƙarfe inda maƙera suka narka tama. Wannan kufai ne. Mutane sun zauna nan, sannan yaƙi ko yunwa ko ƙafewar rijiya ta tashe su. Maradi ma ta bar kufai cikin fadama bayan ambaliyar 1945.

Tun da aka samu zinariya a Jado cikin 2014, na'urar neman ƙarfe ta yawaita a Nijar. In an kai ta kufai, takan yi kuka bisa bakin kibiya, ko munduwa, ko tsohuwar hauya. Amma ba ta jin tukunya, ba ta jin wuri. Mai haƙa da gaggawa sai ya farfasa su, ya bar rami, saniya ta faɗa ta karye.

A Bura, ƙasar Tera, an gano tukwanen mutanen dā cikin 1975. Masu haƙa sun kwashe da yawa, an sayar ƙasashen waje.

Dokar 30 ga Yuni 1997 ta hana haƙar kayan tarihi ba da izini ba. Manomi ko makiyayin da ya tsinci irin wannan kaya, ya shaida wurin, ya gaya wa maigari, maigari ya sanar da hukuma. Kayan kakanni gadon jikoki ne.