Lissafin Gado a Shekarar Korona

Mu 'yan aji na sama mun saba da lissafin gado a darasin fara'il: wa ke da rabi, wa ke da sudusi, wa ke da tumuni. Shekarar 2020 ta zo mana da wani lissafin daban, na gadon da majinyaci ke kwanciya a kai.

Ranar 13 ga Maris aka sanar da mutum na farko da korona ta kama a Sudan. Ba a jima ba aka rufe makarantu, har da tamu. Ranar 18 ga Afrilu kuma aka sa wa jihar Khartoum dokar zaman gida, saura kamar mako guda azumi.

Ma'aikatar Lafiya kan fitar da rahoto a Facebook: sababbin kamuwa kaza, an sallami kaza, kaza sun rasu, jiha-jiha. Da yake mu ne masu ido a waya, mu ke karanta wa dattawa. Su saurara, su ce Allah Ya sawwaƙe, sannan wani ya jefo tambayar da ba mu da amsarta: "To yaro, in numfashi ya sarƙe wa mutum da daren nan, ina za a kai shi?"

Mun san an ware asibitin Jabra don killace masu cutar, mun kuma haddace lambar 221. Sai dai sanin suna daban, samun wuri daban. Wani dattijo a layinmu, 'ya'yansa sun zaga da shi wasu asibitoci huɗu a raksha cikin dare ɗaya. A na ukun wallahi sun ga gado da idonsu, ga katifa, ba kowa a kai, amma aka ce babu wuri. Wata yayarmu nas ce ta warware mana daga baya. Ta ce a wannan ciwon ba a ƙirga gado sai da tukunyar oksijin a gefensa, da ma'aikacin da zai tsaya a kansa, da wutar da ba za ta ɗauke ba. In ɗaya ya ɓace, ƙarfe ne kawai da katifa. Ma'aikatan ma da yawa suna kwance.

Daga nan muka buɗe littafi. Duk mai ɗan'uwa a asibiti, ko masinja ne ko mai gadi, ya kira shi ya tambaya, mu kuma mu rubuta wurin, gado nawa, akwai oksijin ko babu, da ƙarfe nawa aka faɗa. Wannan na ƙarshen ya fi komai, don labarin asuba kafin azahar ya zama tsohon zance. A ganinmu adadin gadaje da ba a rubuta lokacinsa ba wahalar da mai jinya kawai yake yi, ya ƙona kuɗin raksha a banza.

Cutar ba ta bar manya ba. Imam Sadiƙ al-Mahadi ma sai Daular Larabawa aka fita da shi, a can ya rasu ranar 26 ga Nuwamba. A watan Disamba masu bincike na Imperial College da ke Landan suka ƙiyasta cewa kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na waɗanda korona ta kashe a Khartoum suka shiga lissafi. Ba mu yi mamaki ba, mun ga yadda ake fita da makara a unguwa. Dattijon layinmu a ɗakinsa ya cika, ba a gwada shi ba. Sunansa na shafin ƙarshe na littafinmu tare da wasu shida. Duk wanda ya karanta wannan, muna roƙo ya sa su a addu'a.